Majami'ar Kolon da ta ci shekara 632 ana gini

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jamus. Makon jiya na sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Kolon, ina fitowa sai na yi kiciɓis da wata ƙatuwar majami'a baƙa ƙirin, kanta ya tokari sama. Abokina ya ce sama da shekara 600 aka yi ana gina ta. Da gaske ne? Me ya jawo haka? Gobara ce ta baƙanta ta? Kuma da na leƙa ciki na ga kusan duk bangon gilashi ne, to me ke riƙe da rufin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka bai yi ƙari ba. An aza harsashin wannan majami'a ranar 15 ga Agusta 1248, aka ɗora dutsen ƙarshe a 1880, ka ga shekara 632 ke nan. Sai dai ba duk shekarun aka yi ana sassaƙa dutse ba. An yi kusan shekara 300 ana aiki, aka yi kusan 300 gini na tsaye rabi da rabi, sannan aka ƙarasa ragowar cikin shekara 38. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, don tun ina koyon aikin zanen gine-gine babu ginin Turai da na fi komawa kansa kamar wannan. Iyayenmu ma sun san sunan garin tun kafin su ga hotonsa, domin daga Kolon sashen Hausa na Muryar Jamus ya riƙa watsa shirye-shirye tun 1963, kafin gidan rediyon ya koma Bon a 2003.

Garin kansa tsoho ne. Rumawa suka ba shi matsayin birni a shekara ta 50 miladiyya, kuma daga kalmarsu ta Colonia sunan Kolon ya fito. Tun 313 akwai bishop, wato shugaban limaman coci, a garin, kuma a daidai filin da ka tsaya an yi wata babbar majami'a da aka keɓe don ibada a 870. Abin da ya sauya komai ya faru ne a 1164. Sarkin sarakuna Frederick Barbarossa ya ci birnin Milan na Italiya da yaƙi a 1162, sai ya ba babban bishop na Kolon, Rainald von Dassel, wasu ƙasusuwa da aka kwaso daga can. Kiristocin Katolika sun yi imani cewa ƙasusuwan masana taurarin nan ne da Linjilar Matiyu ta ce sun zo daga gabas da zinariya da lubban da mur lokacin haihuwar Annabi Isa, wanda Kiristoci ke kira Yesu Almasihu. Al'adar Turai ta mayar da su sarakuna uku. Idan ka duba tambarin birnin Kolon yau za ka ga kambi uku a samansa, nasu ne.

A wancan zamani mallakar irin waɗannan ƙasusuwa arziki ne na gaske. Masu ziyara suka riƙa kwarara daga ko'ina cikin Turai, kowa da abin sadakarsa, kowa na bukatar masauki da abinci. Sarakunan Jamus ma, in an naɗa su a Aachen, sai su zarce Kolon su kai gaisuwa. Aka sa maƙeran zinariya, ciki har da gwani Nicholas na Verdun, suka ƙera wa ƙasusuwan akwati mai siffar ƙaramar majami'a, tsawonsa ya ɗara mita 2, an lulluɓe shi da zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja sama da 1,000. Aikin akwatin kaɗai ya ci shekaru kusan 30. To da akwati ya kammala sai tsohuwar majami'a ta zama kamar an sa wa amarya tsumma. Babbar majami'ar da ka gani, in ka bi asalinta, gida ce aka gina wa wannan akwati.

Babban bishop Konrad von Hochstaden ne ya aza harsashi. Kafin nan, a watan Afrilu na 1248, ma'aikata sun so su rushe ɓangaren gabas na tsohon ginin da wuta, sai wutar ta ƙwace musu ta cinye kusan duka. Suka gyara ɓangaren yamma aka ci gaba da ibada a ciki, sabon gini ya fara tashi daga gabas. Babban maginin sunansa Gerhard, kuma duk wanda ya san gini in ya kalli aikinsa zai gane mutumin ya san Faransa ciki da waje. Kolon na da nata salon a lokacin: kaurin bango, ƙananan tagogi, baka mai zagaye. Har yau akwai manyan majami'u 12 irin wannan a cikin garin, ka daure ka leƙa ko guda ɗaya don ka ga bambanci da idonka. Gerhard ya ajiye wannan salo gefe, ya ɗauko sabon salon da aka faro a Saint-Denis kusa da Paris wajen 1140, wanda daga baya aka laƙaba wa suna Gotik. Majami'ar Amiens da aka fara a 1220 ita ya fi bi sau da ƙafa.

Nan ne amsar tambayarka ta ƙarshe take, kuma nan zan fi daɗewa, don shi ne abin da ya cancanci a yi mamakinsa.

Dutse yana da hali guda: yana jure danni, ba ya jure ja. Ka ɗora masa nauyi komai yawa zai ɗauka, amma ka shimfiɗa shi tsakanin ginshiƙai biyu masu nisa zai tsage a tsakiya. Shi ya sa magina suke yin baka, kowane dutse na danne na kusa da shi har nauyin ya sauka ƙasa. Matsalar baka ita ce ba ƙasa kawai yake turawa ba, yana tura gefe da gefe, yana neman ya buɗe ƙafafunsa. Magina na dā sun magance wannan da bango mai kauri, kuma bango mai kauri ba ya son a huda shi da taga, shi ya sa cikin gininsu duhu.

Masu salon Gotik sun haɗa dabaru uku. Na farko baka mai tsini, wanda turinsa ya fi karkata ƙasa, kuma ana iya ɗaga shi ko rage shi ya dace da kowane faɗi. Wannan baka ya girmi Gotik, yana nan a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira da aka gama a 879. Na biyu haƙarƙarin rufi. Ka ɗaga kai a cikin majami'ar za ka ga siraran layukan dutse sun taso daga ginshiƙai sun giccie juna a sama. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro mai ɗaurin guga, ko ya ga bakan gizo na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, idonsa zai gane siffar nan take, ko da yake namu azara ce a cikin laka ke ɗaukar aikin, nasu kuwa dutse ne zalla ke danne dutse. Amfanin haƙarƙarin shi ne yana tattara nauyin rufin duka ya zuba shi a wurare ƙalilan, wato kan ginshiƙai. Tunda nauyi ya bi ta ginshiƙi, bangon da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ya zama ba shi da aikin yi, sai a cire shi a sa gilashi.

Saura turin gefe, kuma ba a nan cikin ginin za ka ga maganinsa ba, sai ka fita waje. Ka san yadda ake yi wa katangar da ta fara karkata da damina, a kawo azara a tokare ta daga waje. Haka suka yi, amma da dutse. Ka zaga bayan majami'ar ta gabas, wajen kogin Rayin, za ka ga dajin ginshiƙai tsaye nesa kaɗan da bango, kuma daga kowanne wasu hannuwan dutse sun miƙa ta sama sun dafa ginin a daidai inda rufi ke turawa. A Kolon hawa biyu ne: na ƙasa yana karɓar turin rufin dutse, na sama yana tare iska da ke bugun dogon jinka. A kan kowane ginshiƙi akwai tsinin dutse kamar zankon soro. Mutane na ɗauka ado ne kawai, alhali nauyinsa yana danne ginshiƙin don kada turi ya kifar da shi. Ruwan sama ma an yi masa hanya har zuwa indararo, waɗanda aka sassaƙa da siffar dodanni da dabbobi, bakinsu buɗe, suna watsa ruwan nesa da bango. A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai harsashi da zurfinsa ya kai mita 16 a wasu wurare.

Sakamakon shi ne abin da ka gani. Daga daɓe zuwa rufi mita 43 ne da 'yan kai, kamar bene mai hawa 14, kuma tsayin ya ninka faɗin tsakiyar zauren fiye da sau uku, shi ya sa wuyanka ke ɗaga kansa ba ka sani ba. Gilashin tagogin ya kai murabba'in mita 10,000. Ka tuna mutanen nan ba su da lissafin ƙarfin kaya irin wanda muke koya wa ɗalibai yau. Abin da suke da shi igiya ce da ma'auni da kamfas da ƙa'idojin gwargwado da suka gada daga iyayen gidansu, sai kuma darasin gine-ginen da suka faɗi. A Beauvais ta Faransa an kai rufi mita 48, a 1284 wani sashe ya rufto. Na ɓangaren gabas na Kolon yana nan tsaye sama da shekara 700. Ranar da na fara tsayawa a gindin ɗaya daga cikin ginshiƙan gabas, na ɗora tafin hannuna a kai, sanyin dutsen ya ratsa ni, na bi siraran sandunan da aka sassaƙa a jikinsa da ido, ko wanne ya tafi bai yanke ba har ya zama haƙarƙari a can sama. Mutumin da ya sassaƙa dutsen da hannuna ke kai ya san ba zai ga rufin ba, amma bai kauce wa layi da ko faɗin farce ba.

Gerhard ya rasu wajen 1271. Arnold ya gaje shi, ɗan Arnold mai suna Johannes ya gaji ubansa. Dutsen da suka yi aiki da shi daga tsaunin Drachenfels kusa da Bon ake fasa shi, a loda a jiragen ruwa, kogi ya gangaro da shi har bakin aiki. A 1322, shekara biyu kafin Mansa Musa ya tafi aikin hajjinsa, aka keɓe ɓangaren gabas, inda bagade, wato teburin ibada, yake, da ƙananan ɗakunan ibada 7 da suka kewaye shi kamar yatsun hannu. Shekara 74 ke nan a kan wannan sashe kaɗai. Suka toshe bakinsa na yamma da wata katanga ta wucin gadi don a samu a yi ibada kafin a gama sauran. Wannan katanga ta wucin gadi sai 1863 aka rushe ta.

Wajen 1360 aka fara hasumiyar kudu. Ta tashi har ta kusa mita 60, aka rataya mata ƙararrawa, ciki har da Pretiosa da aka zuba a 1448, mai nauyin tan 10, wadda har yau ake kaɗawa. Bangon babban zaure ya ɗan tashi, aka yi masa rufin wucin gadi. Daga nan aiki ya fara jan ƙafa, zuwa 1560 ya tsaya cak.

Dalilin farko kuɗi ne. Ginin ya dogara da sadakar masu ziyara da wasiyyar mamata da kuɗin takardun yafe zunubi da cocin ke bayarwa. Da malamin cocin nan Bajamushe Martin Luther ya tayar da ƙura a kan waɗannan takardu a 1517, rabin Jamus ya bar Katolika, Kolon ta tsaya a kan aƙidarta amma rijiyar kuɗin ta ƙafe. Kasuwancin Turai ma ya koma bakin tekun Atlantika, garuruwan kogi suka ja baya. Dama can tsakanin mutanen gari da babban bishop ba a ga maciji, tun da suka kayar da shi a yaƙin Worringen a 1288 ya koma zama a wajen birni. Sai dalili na ƙarshe, wanda ni a ganina ya fi sauran ƙarfi: salon ya fita daga ran mutane. Sabon yayi ya taso daga Italiya, ana koyi da ginin Rumawa na dā, har masanan can suka riƙa danganta baka mai tsini da ƙabilar Goth da suka ɗauka marasa wayewa. Sunan Gotik ma da zagi ya fara. Mai kuɗi ba ya zuba dukiyarsa a kan abin da ake yi wa kallon tsohon yayi.

Haka Kolon ta zauna kusan ƙarni uku da ginin da ya kasu biyu: ɓangaren gabas cikakke, guntuwar hasumiya a yamma, tsakaninsu gajeren zaure. A kan guntuwar hasumiyar kuwa akwai injin ɗaga duwatsu na katako, irin wanda mutane ke shiga cikin ƙaton gargare suna takawa igiya na naɗuwa. Ba wanda ya sauke shi. Ya yi shekara wajen 400 a can, hannunsa miƙe a sama, duk zanen birnin da aka yi a waɗannan ƙarnuka yana ciki, har ya zama shi ne alamar gari. Ni wannan injin yana taɓa zuciyata. Sauke shi yana nufin an haƙura, su kuwa mutanen Kolon sun gwammace su riƙa gyara katakon da ba ya ɗaga komai da su yarda cewa zance ya ƙare. Lalacewa ta kai maƙura bayan 1794, da sojojin juyin juya halin Faransa suka mamaye garin. Aka gudu da akwatin zinariya zuwa hayin kogi, sojoji suka mayar da majami'ar rumbun ciyawar dawaki da wurin tsare fursunonin yaƙi.

Abin da ya ta da aikin daga barci takarda ce, ko in ce fata. Magina na dā sun zana fuskar yamma da hasumiyoyinta biyu a kan fatu da aka haɗa, tsawon zanen ya ɗara mita 4, kowane tsini da kowace taga a wurinta. A hargitsin zamanin Faransawa zanen ya ɓace. A 1814 aka tsinci rabinsa a saman rufin wani masauki a Darmstadt, ya shiga hannun mai zanen gini Georg Moller. A 1816 Sulpiz Boisserée, wani ɗan Kolon da ya ba da rayuwarsa ga wannan gini, ya gano ɗaya rabin a Paris. Aka haɗa biyun suka dace. Zanen yana nan a cikin majami'ar, an rufe shi da labule don kada haske ya cinye tawadar.

Lokacin ya zo daidai da bukatar siyasa. Jamusawa sun fito daga yaƙin Napoleon suna neman abin da zai haɗa kansu, suka ɗauki Gotik a matsayin salon kakanninsu, ba tare da sun lura daga Faransa aka aro shi ba. A 1815 Kolon ta faɗa hannun Prussia, masarautar 'yan Furotesta, wato Kiristocin da suka bar Katolika, wadda ke bukatar lallashin talakawanta Katolika, musamman bayan ta kama babban bishop na garin a 1837 kan rigimar aure tsakanin Katolika da Furotesta. Sarkin Prussia Friedrich Wilhelm na 4 ya aza dutsen ci gaba da aiki ranar 4 ga Satumba 1842. Gwamnati ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, sauran ƙungiyar 'yan gari da aka kafa a shekarar ta tara, ta hanyar gudummawa da kuma tikitin caca da ta fara sayarwa daga baya. Ƙungiyar tana nan har gobe, kuma ita ke ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin gyara.

Ernst Friedrich Zwirner ya ja aikin har ya rasu a 1861, Richard Voigtel ya ƙarasa. Sun samu jirgin ƙasa da injin tururi, kuma sun yi ƙashin jinka da ƙarfe maimakon katako. A 1868 aka sauke tsohon injin nan. Da aka gama a 1880 hasumiyoyin sun kai mita 157, babu ginin da ya kai su tsawo a duniya sai da aka kammala hasumiyar tunawa da Washington a Amurka a 1884. A filin gaban majami'ar akwai kwafin furen dutsen da ke kan ƙololuwa, girmansa daidai da na sama. Ka tsaya kusa da shi, ya fi mita 9, sannan ka ɗaga kai ka ga yadda ya koma kamar kan allura. Bikin kammalawa kuwa sarki Wilhelm na 1 ne ya jagorance shi, babban bishop Paul Melchers yana gudun hijira a Holan saboda rikicin gwamnatin Jamus ta Bismarck da cocin Katolika.

Akwai masu cewa tunda fiye da rabin ginin aikin ƙarni na 19 ne, bai kamata a kira shi tsohon gini ba. Suna da 'yar hujja. Fuskokin kudu da arewa Zwirner ne ya zana su, kuma idon da ya saba zai ga sassaƙar baya ta fi miƙewa, ta fi kama da juna, babu ɗan bambancin hannu da ke sa aikin farko ya yi rai. Amma ban yarda da hukuncinsu ba. Na san halin masu sana'armu, ba mai son ya gaji aikin wani bai sa nasa hannu ya sauya ba. A nan kuwa ƙwararru da ke da kayan aikin da Gerhard bai taɓa mafarkinsu ba suka sunkuyar da kai ga zanen mutanen da suka mutu ɗaruruwan shekaru kafin a haife su. Shi ya sa in ka tsaya a ƙofar yamma ka miƙa ido zuwa gabas, ba za ka iya nuna inda aikin 1322 ya tsaya na 1863 ya kama ba.

Batun baƙi kuma, ba gobara ba ce. A yaƙin duniya na biyu an yi wa Kolon ruwan bama-bamai har tsakiyar gari ya zama kufai, manyan bama-bamai 14 suka sami majami'ar, rufin dutse ya rufta a wurare da dama, amma ta tsaya. Jinkan ƙarfe bai kama wuta ba, tsofaffin tagogi kuma an riga an cire su an ɓoye. A 1943 bam ya ɓantare gindin hasumiyar arewa, aka yi maza aka cike gurbin da jan bulo, wannan faci ya zauna a bayyane har 2005 kafin a rufe shi da dutse. Baƙin ya samo asali ne daga hayaƙin kwal na shekara da shekaru: na gidaje, na masana'antu, da na jiragen ƙasa da ke tsayawa a tashar da ka sauka, wadda ke manne da ginin tun 1859. Hayaƙin ya haɗu da ruwan sama ya zama guba mai cin dutse, ƙananan halittu irin gansakuka suka ƙara nasu. In ka lura za ka ga fararen duwatsu jefi-jefi a cikin baƙaƙen, waɗannan sababbi ne da aka musanya.

Masu musanyawar ma'aikata ne kusan 100 da ke da wurin aikinsu a gefen majami'ar: masassaƙan dutse, maƙera, kafintoci, masu gyaran gilashi, masu kafa tsani. Na taɓa tsayawa ina kallon wani matashi a cikinsu, an ajiye masa tsohon ganyen dutse da ruwa ya cinye har ya zama kamar sabulun da ya kwana a ruwa, a gefe kuma sabon dutse mai kusurwa huɗu. Yana auna tsohon, yana komawa kan sabon da kurfi da guduma, bugu kaɗan sai ya busa ƙura ya shafa da babban yatsa. Ganyen nan in ya hau wurinsa mai tsayin mita 60 ko 70 ba mai sake ganinsa sai tsuntsu. Shi ya sa ba za ka taɓa samun ginin babu tsanin gyara a wani gefe ba, har mutanen garin na cewa ranar da aka gama majami'ar duniya za ta tashi. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1996, kuma mutum wajen miliyan 6 ke shigarta a shekara.

In ka koma, ƙanena, kada ka tsaya a bakin ƙofa. Ka tuna wurin ibadar mutane ne, ka cire hula, ka rage murya, in ana addu'a ka jira a gama. Ka wuce gabas ka ga akwatin zinariya a bayan bagade. A hagunsa akwai gicciyen Gero na katako, wanda aka sassaƙa wajen 970, ya girmi ginin da kusan shekara 300. Ka nemi kujerun katako 104 na limaman cocin da aka yi tsakanin 1308 da 1311. A ɓangaren kudu akwai tagar da mai zanen zamani Gerhard Richter ya tsara a 2007 a madadin wadda yaƙi ya fasa, ƙananan murabba'ai 11,263 masu launi 72, babu hoton kowa a ciki. Babban bishop na lokacin, Kadinal Meisner, bai so ta ba, ya ce ta fi dacewa da masallaci. Ka je da tsakar rana ka ga yadda launukan ke zuba a kan ginshiƙai, ka yanke naka hukunci. Ni dai ina ganin ta yi abin da maginan farko suka cire bango dominsa.

Daga nan ka tsallaka ɓangaren arewa ka ɗan tsaya. Ranar 3 ga Fabrairu 1965 ɗaruruwan ma'aikata Turkawa, waɗanda ba su da masallacin da zai ɗauke su a garin, suka shimfiɗa dardumansu a wannan gefe suka yi sallar Idin ƙaramar salla. In kuma gwiwarka na da ƙarfi, matakala 533 ce zuwa wurin kallo na hasumiyar kudu. A hanya za ka wuce ɗakin ƙararrawa, inda babbarsu take rataye, mai nauyin tan 24, wadda aka zuba a 1923, 'yan gari na kiranta Bitrus mai ƙiba. Matakalar ƙunci gare ta, tana murɗawa, masu hawa da masu sauka hanya ɗaya suke bi, don haka ka tafi da sassafe kafin jama'a su yi yawa, kuma ka sa takalmin da ba ya santsi, don tsakiyar kowane dutse ya lotsa saboda sawun mutane.